Mari Ba Magani Ba Ne

Jama'a, 'yan bindigar dajin Kamuku sun bar mana ciwon da ba ya jini. Wanda muka fanso ya dawo Tsohon Birnin Gwari, ba barci, ba cin kasuwa, sai zabura. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yana can Kaduna, kuɗin mota ya fi jarin mai koko. Sai mari da turu!

Tun 1954 Likita Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa mai taɓin hankali yana warkewa a ƙauye tare da danginsa. An soke dokar mahaukata ta 1958 a 2023. To, mahukunta, me ya rage? A koya wa ma'aikatan asibitocinmu aikin, a kawo magani. Haƙƙinmu ne mu talakawa, ba sadaka ba.