Daga Bakin Kogi: Garin da Ya Mai da Ɗari Biki

Hunturu ya shigo Shanga. Da sassafe hazo kan rufe kogi, har ba ka iya hango masunci a kwalekwalensa. Yara kan iso makaranta a makare, hannu a hammata, leɓe a tsattsage. Ran nan muka tambayi 'yan ajinmu ko ɗari yana da wani amfani. Gaba ɗaya suka ce babu. Sai muka ba su labarin wani gari, muka kuma ga ya kyautu mu ba ku, ya ku iyaye.

Sonkyo ƙaramin gari ne a tsibirin Hokaido, arewacin ƙasar Japan. Yana cikin kwari tsakanin duwatsu, a bakin kogin Ishikari. Ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurin, kamar na Wikki a Yankari ta Jihar Bauci, sai dai nasu ya fi zafi nesa. Baƙi masu zuwa wanka su ne abincin garin. Amma da hunturu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Ku tuna, a sifiri ruwa yake zama ƙanƙara. Wa zai bar ɗakinsa ya je irin wannan wuri?

A 1976 mutanen garin suka fara bikin ƙanƙara. Ga yadda suke yi. Sukan kakkafa itatuwa a bakin kogi, su ɗaure su kamar mai shirin yin rumfa. Sa'an nan su yi ta fesa musu ruwan kogi, mako bayan mako. Ruwan ya daskare, wani bisa wani, har ya zama hasumiya, da kogo, da rariyar da mutum zai bi ta ciki a tsaye. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris sukan haska ginin da fitilu masu launi iri iri da dare. Baƙo ya zaga har haƙoransa su fara kaɗawa, daga nan ya koma masauki ya shiga ruwan zafi. In bazararsu ta zo, duk aikin ya narke ya koma kogi. Baɗi su sake daga farko.

Da wata yarinya ta ce wannan aikin manya ne, sai muka gaya mata na Sapporo, babban birnin tsibirin. A 1950 'yan makaranta ne suka gina siffofi 6 da dusar ƙanƙara a wani fili na tsakiyar birni. Daga nan bikin Sapporo ya samo asali, wanda yakan tara mutane wajen miliyan 2.

To, mu fa? Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka ta da mutum fiye da 40,000. Tsofaffi ba su manta ba, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka a bisa ruwan nan ne ake bikin Rigata a Yauri, inda baƙi kan zo daga nesa su ga tseren jirage. Abin da ke damunmu shi ne, yaranmu da yawa suna ganin babu kome a gida sai sauro da ƙarnin kifi. Idonsu yana Legas da Abuja. In haka ta ci gaba, wa zai riƙe filafili a Rigata nan da shekara 20?

Malami zai koya wa yaro karatu da lissafi. Amma tuƙin jirgi, da iyo, da ɗinkin koma, da sunayen kifaye, a gida ake samunsu. Hutun nan, ku kai yaro wurin kakansa a bakin ruwa, ku bar shi ya yi tambaya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.