Wasiƙa zuwa ga marigayi Dakta Kwesi Botchwey

Dakta,

Ka rasu a Nuwamba 2022, wata guda kafin Gana ta dakatar da biyan bashin waje. Daga Ayigya Zango nake rubuto maka, domin aikin da ka fara a 1983 kana ministan kuɗi har yau muna cikinsa.

Haƙƙinka zan fara ba ka. Wanda bai ga shekarar 1983 ba, ba zai gane abin da ka tarar ba. Ga fari, ga wutar daji ta cinye gonakin koko, ga Nijeriya ta koro mutanenmu kusan miliyan guda, tsadar kaya ta haura kashi 120 cikin ɗari. A lokacin, a takarda dala sidi 2.75 ce, amma sai mai uwa a gindin murhu yake samunta haka. Tun 1979 soja suka rushe kasuwar Makola, suka yi ta zane mata 'yan kasuwa saboda farashin gwamnati, sabulu da sukari kuwa suka ƙara ɓuya. Kalabule, wato ɓoye kaya da sayar da su da tsada a bayan fage, ya zama sana'a.

Ka karya darajar sidi, ka saki farashi, a 1988 aka halatta shagunan canji. Kaya ya dawo kanti, iyayenmu mata suka daina ɓoye hajarsu a ƙarƙashin gado, arzikin ƙasa ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin ɗari duk shekara. Wannan ba mai musunsa, kuma mu 'yan Zango da muka gaji fatauci tun zamanin ayarin goro mun fi kowa jin daɗinsa.

To amma me ya bunƙasa, Dakta? Zinariyar Obuasi, da koko, da dillancin kayan wasu. Masana'antar buhu ta Kumasi ta mutu. Daskararrun kajin Turai sun durƙusar da masu kiwo a ƙasar Asante, shinkafar Tailan ta kori ta arewa daga tukunyarmu. A 1985 kuma asibiti ya koma sai da kuɗi a hannu. Yaranmu na Ayigya, ga jami'ar KNUST a ƙofar gidansu, suna bin motoci a Tech Junction da kayan Sin a hannu. Wannan shi yake ci mini rai.

An buɗe ƙofa ba a tanadi wanda zai ƙera, ya saƙa, ya noma ba. A 2023 Gana ta sake karɓar rancen asusun ba da lamuni na duniya, IMF, karo na 17.