Dilar gwanjo ba ta zuwa da akwati

Da madatsar ruwan Alau da ke ƙaramar hukumar Konduga ta ɓalle a watan Satumban 2024, dangi suka koma gidajen dangi, gidajen da rikicin Boko Haram ya riga ya cika. A irin wannan ɗaki igiya ɗaya ce ma'ajiyar kowa: zanen uwa, rigar makarantar yaro da mayafin suruka duk a cakuɗe, wankakke kan mai dauɗa. Nan ƙazuwa da kwarkwata ke samun hanya, nan kuma ƙananan rigingimu ke farawa tun da asuba.

Ina kira ga masu tsara jerin kayan agaji a Abuja, a NEMA ko ma'aikatar jinƙai: bayan shinkafa da bargo da dilar gwanjo, a sa akwatin ƙarfe mai makulli da sabulu. Sauran aikin matan gida sun iya shi. Kowa da ƙunshinsa, kayan makaranta a sama, na sallah a ƙasa, makulli a hannun uwargida. Maƙeran Maiduguri za su iya ƙera akwatunan, kuɗin ma ya zauna a Borno.