A Riƙa Buga Hotunan Ƙasarmu Don Adon Ɗaki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da hotunan adon ɗaki da suka cika kasuwanninmu, wato masu ɗauke da hamada da raƙuma da itatuwan dabino, da kuma na kaboyi bisa doki.

Ni manomi ne, idan rani ya yi kuma ina taɓa 'yar tireda, kuma cikin kayan da nake kasawa har da waɗannan hotuna. Duk wanda ya zaga kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari zai gan su an jera. Masu haɗa kayan ɗakin amarya na saye, masu shagon aski da masu shayi ma na saye.

A ganina akwai dalilai uku da suka sa suke tafiya. Na farko, mutanenmu da yawa in suka ga yashi da dabino, Ƙasa Mai Tsarki ce ke faɗo masu a rai, wanda bai je ba yana kallo yana sa rai. Na biyu, malamai sun daɗe suna jan kunne a kan rataye hoton mai rai a ɗaki, don haka mai gudun magana sai ya zaɓi na tudun yashi da faɗuwar rana, babu mutum babu dabba. Na uku, raƙumi ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun ci gishirin Bilma wanda ayarin Buzaye ke ɗaukowa su ratso Tenere zuwa Agadas, daga nan ya gangaro ƙasar Hausa. Shi kuwa kaboyi, iyayenmu sun san shi tun zamanin silima, har direbobi suka riƙa zana shi a bayan manyan motoci. Bahaushe dai yana son doki da jarumi, ko daga ina suka fito.

To amma jama'a, akwai abin dubawa. Ba kowace hamada ce ta Makka ba. Wasu hotunan masu jajayen duwatsu da wata doguwar bishiya mai ƙaya kamar ƙerana, na yammacin Amurka ne, wajajen Arizona da Yuta, inda aka riƙa ɗaukar finafinan kaboyi. Na ga dattijuwa ta sayi irin wannan tana cewa dutsen Uhudu ne, mai sayarwa kuma ya yi gum don kada ciniki ya ɓaci. Wannan ba daidai ba ne. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, mu ji tsoron Allah mu faɗa wa mai saye gaskiya.

Sannan mu manoma mun san hamada a bango daban take da hamada a bakin gona. Wanda ya ji labarin farin 1973 ko ya ga na 1984, lokacin da mutanen Nijar suka yi ta kwararowa bayan dabbobinsu sun ƙare, ya san yashi ba abin wasa ba ne. Yau jihohi 11 na Arewa ake lissafawa cikin masu fama da gurgusowar hamada, ciki har da maƙwabtanmu Kano da Katsina. Tun 2007 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa don tare ta, amma ga mu nan muna ta sare ɗorawa da kaɗanya muna gawayi. Kada mu wayi gari abin da muke saye da kuɗi mu rataye ya zo mana kyauta har ƙofar gida.

Abin da ya fi damuna shi ne, kusan duk hotunan nan daga waje ake shigo da su, kuɗinmu kuma can yake tafiya. Ashe mu ba mu da abin kallo? Ga dutsen Kufena, ga ƙofar fadar Zazzau da zanenta, ga Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Mai son doki kuma, wane kaboyi ne zai kama ƙafar mahayan Hawan Daushe? Mai son hamada ga tamu ta kusa, ga hasumiyar masallacin Agadas da duniya ta san da ita. Ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana yaye masu zane duk shekara.

Saboda haka ina kira ga masu maɗaba'a na Zariya da Kaduna da Kano da su haɗa kai da waɗannan matasa, su buga mana hotunan ƙasarmu masu kyau a farashin da talaka zai iya. Mu masu tireda a shirye muke mu kasa su. Yaro ya sami aikin yi, kuɗi ya tsaya a gida, 'ya'yanmu kuma su tashi suna sanin garinsu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi daga Dutsen Abba,
Tudun Wada, Zariya.