Wutar da ba a sha ba ita ce mafi araha: darasi daga wani malamin Amurka

Jama'a, sau da yawa idan aka ambaci masu bincike na jami'a, ƴan kasuwarmu kan ce wannan zancen ƴan boko ne, ba ruwansa da ciniki. Yau muna son mu kawo misalin wani malami wanda bincikensa ya shiga har cikin aljihun mai shago, domin mu ga yadda ya kamata a auna amfanin ilimi.

Sunansa Arthur Rosenfeld, masanin kimiyya ne a birnin Berkeley na jahar Kalifoniya a Amurka, ya rasu a 2017 yana da shekara 90. A shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin man fetur har farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, hankalin manya ya koma kan neman ƙarin mai da gina sababbin tashoshin wuta. Shi kuwa sai ya dubi abin ta wata fuska: nawa ne ake ɓarnatarwa a cikin gidaje da ofisoshi? Ya ajiye fannin da ya yi suna a kai, ya tara masu bincike, suka shiga auna fitilu da tagogi da rufin ɗaki da firigo.

Abin da ya sa muka zaɓe shi shi ne aikin nasa ya fita daga takardun da malamai ke karanta wa junansu. Kalifoniya ta kafa dokar gine-gine mai tsimin wuta a 1978, ta kuma ƙayyade yawan wutar da firigo zai iya sha kafin a yarda a sayar da shi. Firigon Amurka da ke shan kusan kilowat-awa 1,800 a shekara a tsakiyar shekarun 1970, ya dawo ƙasa da 500 bayan 2001, alhali ya fi na da girma. Shekara da shekaru wutar da mutum ɗaya ke sha a wannan jaha ta tsaya kusan wuri guda, yayin da ta sauran Amurka ke hawa. Gaskiya ne wasu masana sun ce sauƙin yanayin jahar da tsadar wuta su ma sun taimaka. A 2010 abokan aikinsa suka ba da shawarar a sa sunansa a wani ma'auni: Rosenfeld ɗaya shi ne tsimin kilowat-awa biliyan 3 a shekara, wato kwatankwacin tashar kwal guda da ba sai an gina ta ba.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu biyu ne, kuma duka suna cikin kasuwa.

Na farko rufi. A shekarunsa na ƙarshe malamin ya dage kan farin rufi, saboda fari yana mayar da yawancin hasken rana sama, baƙi ko mai tsatsa kuwa yana shanye shi ya zama zafi a cikin ɗaki. Tun 2005 Kalifoniya ta wajabta irin wannan rufi ga shimfiɗaɗɗun rufunan gine-ginen kasuwanci, kuma birnin Ahmedabad na Indiya ya shafe rufunan dubban gidajen talakawa da farar ƙasa a 2017. Duk wanda ya wuni a shagon kwano a Konni ko Illela ko Ɗan Isa ko Jibiya cikin watan Afrilu ya san abin da muke nufi. Zafin nan yana lalata magani da man shafawa da madara, yana sa janareta aiki ba hutu. Farin fenti ko farar ƙasa a kan kwano, da silin a ƙarƙashinsa, da ƙofar iska a sama, suna rage wannan zafin. Sai dai a tuna, ƙurar hunturu tana dushe farin, dole a riƙa wankewa ana sabuntawa.

Na biyu kayan gwanjo. Tsofaffin firigo da na'urorin sanyaya ɗaki da Turai ta gaji da su, mu ne ke ɗauko su daga Kwatano mu baza a kasuwanni. Mai saye yana murnar ya samu da sauƙi, amma duk ƙarshen wata takardar kuɗin wuta tana karɓe abin da ya rage. Araha ba ta ado. Ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firigo tun 2013, kuma tana manna wa sababbi takarda mai taurari da ke nuna yawan wutar da suke sha. Mun san akwai ƴan uwanmu da wannan sana'a ce abincinsu, ba ma kuma cewa a rufe musu ƙofa dare ɗaya. Amma ɗan kasuwa mai hangen nesa gara ya fara sauya haja tun doka ba ta riske shi da kaya jibge a sito ba.

Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Masu ƙanƙara da masu kifi da masu lemo sun ji a jikinsu. Ƙasar da wutarta ba ta isa ba, ita ya fi kamata ta yi tsiminta.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da magadan gari, duk lokacin da za a gina sababbin shaguna, a sa maganar farin rufi da iska a cikin sharuɗɗan kwangila. Malaman jami'o'inmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram da Sakkwato da Katsina kuma, muna roƙon su shigo kasuwa da ma'aunin zafi, su gwada shago mai farin rufi da maras shi, su faɗa mana sakamakon da Hausa a gidajen rediyo. Ta haka ne mai shago zai san amfanin bincikensu. Allah ya sa mu dace.