Ron Paul, Giuliani da Tambayar da Amurka Ba Ta Son Ji

Manufar harkokin waje, wato tsarin da ƙasa ke bi wajen hulɗa da sauran ƙasashe a lokacin yaƙi da na sulhu, ba kasafai take raba 'yan jam'iyya ɗaya a Amurka ba, domin a kan batun tsaro yawanci bakinsu ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani zafin harshe. Wannan ne ya sa har yau ake komawa ga muhawarar da masu neman tikitin jam'iyyar Rifablikan suka yi a jihar Karolina ta Kudu ranar 15 ga Mayu, 2007, inda Ron Paul, likita kuma ɗan majalisar wakilai daga Teksas a lokacin, wanda ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi tun 2002, ya ce harin 11 ga Satumba, 2001 bai rasa nasaba da katsalandan ɗin Amurka a Gabas ta Tsakiya ba, ya kuma kafa hujja da shekaru goma da aka kwashe ana jefa wa Iraƙi bama-bamai kafin harin. Rudy Giuliani, wanda shi ne magajin garin New York a ranar da aka rusa tagwayen benayen, ya yi caraf ya nemi Paul ya janye maganarsa, zauren ya kaure da tafi, amma Paul ya ƙi janyewa.

Ra'ayin da Giuliani ya tsaya a kai shi ne wanda Shugaba George Bush ya shimfiɗa a gaban majalisa kwanaki kaɗan bayan harin, cewa maharan sun tsani Amurka ne saboda 'yancinta da tsarin rayuwarta. Bayani ne mai sanyaya zuciyar mutanen da suka rasa rayuka kusan 3,000 a safiya ɗaya, sai dai yana da illa babba, domin ya wanke gwamnati daga duk wani bincike, ya kuma bar mata hanya guda tak, wato ƙara yawan soja da makamai. Abin da Paul ya faɗa kuwa ba shi ya ƙirƙire shi ba, domin jami'an hukumar leƙen asiri ta CIA sun daɗe da sanin cewa ayyukan ɓoye da ake yi a ƙasashen waje kan haifar da ramuwar gayya da ke faɗa wa talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Michael Scheuer, wanda ya taɓa shugabantar sashen farautar Usama bin Laden a wannan hukuma, ya yi ta nanata cewa manufofin Amurka ne ke ba Alƙa'ida mabiya. Bin Laden da kansa, a sanarwarsa ta 1996 da ta 1998, ya lissafa girke sojan Amurka a Saudiyya tun yaƙin tekun Fasha, da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi, da goyon bayan Isra'ila, kuma 15 daga cikin maharan 19 'yan Saudiyya ne.

Misalin da Paul ya kawo a daren shi ne Iran, inda a 1953 Amurka da Ingila suka kitsa kifar da zaɓaɓɓen firaminista Muhammad Musaddiƙ bayan ya mayar da man fetur mallakar ƙasa, suka ƙarfafa mulkin Shah, wato sarkin ƙasar, sannan bayan shekara 26 juyin juya hali ya zo, ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka tsare ma'aikatansa kwana 444. Binciken Robert Pape na Jami'ar Shikago ya ƙara wa wannan ra'ayi nauyi, domin da ya tattara hare-haren ƙunar baƙin wake 315 da aka kai tsakanin 1980 da 2003, ya tarar kusan dukkansu an kai su ne don tilasta wa wata gwamnati ta janye sojanta daga yankin da maharan ke ɗauka nasu ne, kuma ƙungiyar da ta fi kowa kai irin wannan hari a lokacin ita ce ta 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka, waɗanda ba Musulmi ba ne.

Zargin da aka yi wa Paul, cewa ya ɗora laifi a kan waɗanda aka kashe, zargi ne marar tushe, kuma shi ne mafi haɗari a cikin dukkan muhawarar. Bayyana sanadin abu daban, halatta shi daban, kamar yadda likitan da ya gaya wa maigida cewa kwatamin ƙofar gidansa ne ke tara sauro bai goyi bayan zazzaɓi ba. Paul ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da farautar waɗanda suka shirya harin, abin da ya ƙi shi ne mamaye Iraƙi, ƙasar da ba ta da hannu a ciki. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi, domin rusa rundunar sojan Iraƙi a Mayu 2003 ya jefa dubban ƙwararrun mayaƙa kan titi ba aiki ba albashi, hotunan wulaƙancin gidan yarin Abu Guraib sun zagaye duniya a 2004, kuma daga wannan rikici ne ƙungiyar IS ta fito har ta ƙwace Mosul a Yunin 2014.

Duk da haka bayanin Paul bai cika ba, kuma masoyansa ba su cika son a taɓo wannan gefen ba. Miliyoyin mutane sun ɗanɗani zaluncin manyan ƙasashe ba tare da sun ɗaura bam sun shiga kasuwa ba, saboda haka ɓacin rai shi kaɗai ba ya haifar da ɗan ta'adda, sai ya haɗu da aƙidar kafirtawa, wato fitar da sauran Musulmi daga addini tare da halatta jininsu, da kuma ƙungiya mai kuɗi da horo. A shekarar da Amurka ta kwashe yawancin sojanta daga Saudiyya, wato 2003, Alƙa'ida ta kai hare-hare a unguwannin Riyad, kuma Yazidawan Sinjar da IS ta yi wa kisan kiyashi a Agustan 2014 ba su taɓa mamaye ƙasar kowa ba. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar a kai shi nesa, domin mutane fiye da 100 da aka hallaka a babban masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba, 2014 masallata ne, ba sojan wata ƙasa ba. Ɗan takarar da ya yi tsammanin janye soja kaɗai zai kashe wannan wuta bai fahimci masu rura ta ba.

Amma ko a wannan yanki, tushen maganar Paul yana nan, sai dai gwamnatin da ake tuhuma ta gida ce. Kashe jagoran Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, ba tare da shari'a ba, ya ba magajinsa Abubakar Shekau hujjar da ya yi ta amfani da ita wajen tara mayaƙa, kuma rahoton Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari na tsofaffin mayaƙan Afirka da aka zanta da su sun ce wani matakin gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan'uwa, shi ne ya tunkuɗa su ƙarshe. Yaƙin da ƙawancen NATO ya yi a Libiya a 2011, wanda Paul ya yi adawa da shi, ya buɗe rumbunan makaman Gaddafi, kuma kafin a ƙare 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya.

Paul bai samu tikitin jam'iyyarsa ba a 2008 ko 2012, shi ma Giuliani ya janye daga takara a Janairun 2008. A batun da suka yi jayayya a kai, Paul ne ya fi kusa da gaskiya ko da yake bai kawo ta duka ba, kuma masu zaɓe a Amurka ko Najeriya ko Nijar suna da haƙƙin su tambayi duk mai neman shugabanci wane mataki na gwamnatinsa zai daina ɗauka domin kada a ƙara wa 'yan ta'adda mabiya.