Mu Dasa Lalle a Gidajenmu

'Yan'uwana mata, yau ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana damuna. Da zarar an ce za a ƙawata gida da shuke-shuke, sai a garzaya a sayo baƙon fure da tsada. Wani ma, irin wanda Turawa ke kira oliyanda, mai dogon siririn ganye, dafi ne tun daga ganye har saiwa. Yaro ya tauna, sai asibiti. Alhali kuwa ga lallenmu na gado mun yi watsi da shi. Kowa ya bar gida, ai gida ya bar shi.

Na san 'yan makaranta da yawa garinsa kaɗai suka sani. To, ga kamanninsa. Ƙaramin itace ne mai yawan rassa. Ganyensa ƙanana ne, bibbiyu suna fuskantar juna, tsofaffin rassa kuma sukan yi ƙaya. Furensa farare ne ƙanana, a cure, masu ƙanshi ƙwarai. Muddin yana samun ɗan ruwa da rani, ba ya rabuwa da koren ganye.

Dashensa ba wuya. In damina ta kankama, wajen watan Yuni, ki yanko reshen da ya ƙosa kamar taƙi ɗaya, ki kafa rabinsa a ƙasa inda rana ke bugawa sosai. In shinge kike so, ki jera su kamu ɗaya tsakani. Ki kare su daga awaki. Da sun kai ƙugu sai ki riƙa sare kan, don su yi duhu. Ganyen da kika saro kuwa ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe.

Kin ga kin sami shinge, ga ƙanshi, ga na ƙunshi wanda kin san abin da ke ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin baƙin lallen da ake haɗawa da dayis yakan sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuraje. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Sai dai ko shi kada a sa wa jarirai, yana iya lalata jinin wasunsu.

Uwargida, ki shawarci maigida tun yanzu. 'Yan makaranta kuma ku roƙi malamanku a ba ku gefen fili. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.